Shirun jaki ba yarda ba ne

A watan Satumba na shekarar 2016 gwamnatin Nijar ta hana fitar da jakuna zuwa ƙasashen waje. A wannan shekara, kafin a kai ga hanin, an riga an fitar da kimanin 80.000, alhali a 2015 duka wajen 27.000 ne suka ƙetare iyaka. Fatarsu ake bukata, domin a ƙasar Sin ana tafasa ta a sami wani abu mai danƙo da ke shiga magungunan gargajiya. A Fabrairun 2024 kuma shugabannin Tarayyar Afirka, a taronsu na Adis Ababa, suka amince a daina yanka jaki saboda fatarsa.

Waɗannan matakai sun dace. Amma adadin jakuna suka tsare, ba gadon bayansu ba. Jakin da ya tsira daga wuƙa shi ne ke jan amalanken bulo ko ganga biyu ta ruwa da tsakar rana a Maraɗi da Damagaram, ga gyambo a kafaɗa, ga sanda na sauka a kansa. Da ya yi tsada an tuna da shi. Wahalarsa kuwa ba ta taɓa tada hankalin kowa ba.

A dubi raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai. A 1996 ba su kai 50 ba. Aka kafa masu tsaro, har suka haura 600, kuma a 2018 aka ɗauki takwas cikin lallami zuwa gandun Gadabeji a jihar Maraɗi. Jin zafi da ƙishirwa ɗaya ne ga raƙumin dawa da jaki. Bambancin kawai, ɗaya baƙi ke zuwa kallonsa, ɗaya ya yi yawa a ido har an daina ganinsa.

Ɗan kasuwa ya san ciniki ba ya faɗawa sai mai kaya ya ce ya sallama. Ma'aikaci ya san yarjejeniya ba ta aiki sai da sa hannu. Dabba ba ta taɓa sallamawa ba, ba ta kuma da bakin cewa albarka. Wasu na ganin wannan ya ba mutum damar yin yadda ya so. Akasin haka ne: wanda ba ya iya ƙin ciniki, amanarsa ta fi nauyi a wuyan wanda ke riƙe da shi.

Ba wanda ke cewa talaka ya kwance jakinsa, domin da shi yake ci da iyali. Abin da ake nema bai fi ƙarfin kowa ba: kaya daidai ƙarfi, ruwa da inuwa idan rana ta take, hutu har gyambo ya warke. Kuma mai bulo da ke biyan kuɗin sawu ɗaya a kan kayan sawu biyu, ya sani yana da hannu a wannan gyambo.