Ido na Kan Titi, Hankali na Wani Gari

 A shirinmu na yau mun yada zango a Magamar Jibiya, inda mota ke sallama da Najeriya ta doshi Ɗan Isa, daga can sai Maraɗi.

Duk wanda ya saba bin hanyar nan daga Katsina ya san ba hanyar gyangyaɗi ba ce. Tafiyar ba ta kai kilomita 50 ba, amma ga shingayen jami'ai, ga 'yan acaɓa da lodin buhuna, ga amalanke, ga garken awaki da ba ruwansu da ham. In hunturu ya shigo, hazo ya ƙara nasa. Tun da aka sake buɗe iyakar a watan Maris na 2024, bayan rufewar da ta biyo juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, kowane direba so yake ya rama sawun da ya rasa.

To a irin wannan hanya, ku ƙaddara direba ya ɗora wa fuskarsa majigi.

Ba almara ba ce. Akwai tabarau da ke haska wa mutum rubutu, taswira, har da bidiyo a gaban ƙwayar idonsa. A Oktoban 2013 ɗan sanda ya tare wata mata a San Diego ta Amurka tana tuƙi sanye da Google Glass. A Janairun 2014 kotu ta sallame ta, don an kasa tabbatar da cewa tabarau ɗin a kunne yake lokacin. A Fabrairun 2024 kuma, da Apple Vision Pro ya shiga kasuwa, bidiyon masu tuƙa Tesla da shi a fuska ya karaɗe intanet, har sakataren sufurin Amurka na lokacin, Pete Buttigieg, ya fito ya ja kunnen direbobi.

Na san wani a tasha zai ce, Malam, mu da ke fama da kuɗin mai, ina mu ina wannan? Haka aka ce lokacin da salula ta zo a 2001. Yau yaron mota ma da tasa.

Masu sayar da irin wannan tabarau suna da hujja mai daɗin ji: wai gara saƙo ya bayyana a gabanka da ka sunkuya kana lalubar waya. Kai a ɗage, hannu biyu a sitiyari. Sai dai kallo daban, gani daban. A 1999 wasu masana biyu a Jami'ar Harvard, Daniel Simons da Christopher Chabris, suka nuna wa mutane bidiyon 'yan wasa suna jefa wa juna ƙwallo, suka ce a ƙirga sau nawa masu fararen riguna suka yi jifa. Ana cikin haka wani sanye da kayan goggon biri ya ratsa tsakiyar fili, ya tsaya, ya daki ƙirji, ya wuce. Kusan rabin masu kallon ba su gan shi ba. Idonsu biyu, a kan allon, amma hankali ya tafi lissafi. Goggon biri guda fa! Ina ga yarinya mai tallar gyaɗa da ta ɓullo ta bayan tirela?

Mu yi ɗan lissafin direba. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Karanta saƙon daƙiƙa huɗu, ka wuce tsawon filin ƙwallo, kuma a duk wannan tazarar motar ce ke tuƙa kanta.

Gaskiyar magana, ciwon ya riga tabarau isowa Jibiya. Ku leƙa Golf ko Sharon da ke lodi: waya a maƙale a jikin gilas, iyafis a kunne, saƙon murya na WhatsApp na shigowa ɗaya bayan ɗaya. Ɗan acaɓa kuwa cusa wayarsa yake cikin rawani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai amfani da waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari da kusan ninki huɗu, kuma sa iyafis bai rage wani abin kirki ba.

Amma ba zan yi wa direbobinmu rashin adalci ba. A yankin da 'yan bindiga suka addaba, wayar nan ba ta hira ba ce kawai. Wanda ke gaba ne zai kira na baya ya ce masa dakata, hanya ba kyau. Mai kaya na Maraɗi na jiran a gaya masa nawa aka canza sefa yau. Wanda ya ce direban Jibiya ya kashe waya, bai san Jibiya ba. Abin da ya fi shi ne wayar ta koma hannun yaron mota ko fasinjan gaba. Shi ya amsa, shi ya isar: Oga, an ce a tsaya. In maganar sirri ce, gefen titi bai ƙare ba.

Hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe da sa amfani da waya a kan tuƙi cikin laifuffukan da ake cin tara a kai. Waya dai ana hango ta a hannu. Amma kamfanin Meta ya riga ya fitar da tabarau mai sunan Ray-Ban, mai kyamara da lasifika, wanda in ka gan shi sai ka rantse na rumfar mai gilasai ne a kasuwa. Da rani kuwa, direba nawa ne ke zuwa shinge ba baƙin gilashi a fuska? Jami'in da ya ɗaga hannu a Magama zai tsinci kansa inda ɗan sandan San Diego ya tsaya a gaban alƙali: a kunne yake ko a kashe?

Bayan wannan ɗan kiɗa za mu buɗe layukan waya. Direbobi, muna jiranku, amma sai wanda ya faka.