Ƙaurar Kalmomin Sirri Daga Taska Zuwa Taska

Ɗan kasuwa a Gwarzo, da malamin makaranta a Kabo, da ɗalibi mai neman gurbi ta hannun JAMB, kowannensu yana da kalmomin sirri da suka fi ƙarfin haddarsa, har da yawa suka damƙa amanarsu ga taskar da Google ya tanada a cikin waya, alhali wasu ba su ma san sun damƙa ba. Muddin mutum yana riƙe da asusunsa na Google, sauya waya ba ya wahalar da shi. Mas'alar takan taso ne ranar da ya ƙudurta komawa wata taska, kamar Bitwarden ko ta Apple, ko don ya sayo iPhone a Farm Centre ta Kano, ko kuwa don zuciyarsa ta daina natsuwa, kamar yadda ya auku ga masu amfani da taskar LastPass bayan kutsen 2022.

Ga al'ada, tsohuwar taska takan zuba abin da ke cikinta a fayil guda mai suna CSV, sabuwa ta kwashe. To, abin da ya wajaba mai karatu ya yi la'akari da shi shi ne, wannan fayil ba shi da kulle ko kaɗan: sunan shafi da sunan mai asusu da kalmar sirrinsa duk suna jere a fili, tamkar hatsin da aka fitar daga rumbu aka shanya a tsakar gida kafin a gama ɗinkin sabo, wanda ko kaza ta gifta sai ta sami rabonta. Saboda haka, a ganina, gafala ce babba mutum ya wakilta mai gyaran waya a wannan aiki, kome amincinsa, ko ya aika wa kansa fayil ɗin ta WhatsApp; da an gama, a share shi har daga kwandon shara.

Sannan ba kome ne ke bin ayarin ba. Lambobin tabbatarwa masu sauyawa bayan daƙiƙa 30 sau da yawa a baya ake barinsu, haka kuma sababbin makullan da ake buɗewa da yatsa ko fuska ba sa shiga CSV, dalilin da ya sa ƙungiyar FIDO ta fitar da daftarin ƙa'idar ƙaura a kulle a 2024. Kada dai a rushe tsohuwar taska sai an gwada shiga kowane asusu da sabuwa, a fara da imel, domin ta nan ake dawo da sauran in sun ɓace.