Abin da Gaban Tsohuwar Hilux Ke Faɗa a Hanyar Argungu

Tun da aka ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, kamfanin WACOT kuma ya buɗe masana'antar shinkafarsa a Argungu a 2017, zirga-zirga tsakanin fadamar Gulbin Rima da bakin kwalta ta ƙaru. Babbar mota ba ta iya kutsawa cikin fadama. Aikin sai ya faɗa kan a-kori-kura mai fowil, irin su tsohuwar Toyota Hilux da Mitsubishi L200. Su ke shiga da taki da injin ban ruwa, su fito da shanshera. Laka, rairayi, ruwa da lodin da ya wuce kima duk a ƙafafun gaba suke barin tabo, shi ya sa kukan da bakanike ya fi ji shi ne: "Oga, gabanta na ƙara, sitiyari kuma na rawa."

Abin da ke biyo baya a gareji da yawa shi ne canji-a-gani. A sa sabon shokzoba, ƙara na nan. A canza tairod, tana nan. Kafin a kai ga ainihin ciwon, kuɗin buhunan shinkafa sun tafi. Alhali motar da kanta tana faɗin inda ke damunta, in an fita da ita titi an saurara: a wane gudu abin ke zuwa, kan miƙaƙƙiyar hanya ko a kwana, da birki ko babu.

Rawar sitiyari da ke farawa wajen gudun kilomita 80 zuwa 100, ta kuma lafa in an rage, kusan kullum daga taya take. Lissafin ba shi da wuya. Tayar Hilux na cin kusan mita biyu da rabi a juyi ɗaya, don haka a gudun kilomita 90 tana juyawa sau goma a daƙiƙa. A daidai wannan saurin ne ƙafar mota ta fi amsa girgiza. To ga inda fadama ke shigowa: lakar da ta maƙale cikin rim ta bushe a gefe guda. Dunƙule mai nauyin giram 100 kacal, a wannan gudu, yana fizgar ƙafar da ƙarfin da ya haura kilo takwas, sama da ƙasa, sau goma kowace daƙiƙa. Direban da ya fito daga gona ya hau kwaltar Argungu zuwa Birnin Kebbi ya ji sitiyari na neman ƙwace masa, ya fara da bokitin ruwa kafin ya nemi sifana. In an wanke rawar ba ta tafi ba, sai a kai balansin, a duba ko rim ya lanƙwashe, ko taya ta yi ciki saboda wayoyinta sun saki. Tayoyin Beljiyam sun fi yin haka. Ana iya sanin tsufansu, domin lambobi huɗu da ke jikin kowace taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2318 na nufin mako na 23 na 2018. Hanya mafi arha ta tabbatar da cewa daga taya rawar take ita ce a mayar da tayoyin gaba baya. In rawar ta bar sitiyari ta koma ƙarƙashin kujera, an kama ɓarawo.

Rawar da ba ta zuwa sai an taka birki, faifan birki ne ya lalace. Ba ruwan taya.

Gunji kuwa, wanda ke ƙaruwa da gudu kamar jirgi na tahowa daga nesa, na boris ne. A gwada shi a inda babu motoci: a ɗan karkata hagu, a dawo dama. Karkata hagu na ɗora nauyi kan ƙafar dama, don haka in gunjin ya ƙaru a lokacin, yawanci boris ɗin dama ne ya gaji. A wannan yanki ruwa ne babban makashinsa. Ƙafa ta yi zafi da tafiya, a tsunduma ta cikin kududdufi ko mashigin rafi, iskar ciki ta tsuke nan take ta zuƙo ruwa ta gefen sil. In aka kwance aka ga giris ya koma fari-fari ko ruwan ƙasa, labarin ke nan. Motar da ke ratsa ruwa a damina tana bukatar a sake mata giris da zarar ruwa ya janye, ko da ba ta yi kuka ba.

Sai ƙarar "ƙas-ƙas-ƙas" in an murɗe sitiyari ana juyawa a hankali. Wannan ta shaf ce, gaɓar da ke kai ƙarfin inji ga tayar gaba ko da tana juye. Robar da ke rufe ta ƙaya ko kututturen gona ke yaga ta, giris ya fita, rairayi ya shiga ya zama sabulun nika. Tsofaffin fowil na da wata gata a nan: makullin da ke tsakiyar tayar gaba, mai rubutun FREE da LOCK. In aka mayar da shi FREE, giya kuma a 2H, shaf da farfelar gaba sun daina juyawa. Ƙarar ta ɓace? Matsalar na cikinsu. Tana nan? A koma kan taya, boris da birki. Yawancin Hilux ƙirar Vigo, da ta fito tun daga 2004, ba su da wannan makulli, shaf ɗinsu na juyawa koyaushe, don haka gwajin bai shafe su ba.

Akwai kuskuren da direbobi ke yi da hannunsu: mantawa da fowil a kan kwalta. Yawancin waɗannan motoci ba su da abin da ke raba gudun ƙafafun gaba da na baya. A laka taya na sulɓewa, bambancin ya tafi. A kan kwalta babu sulɓi, sai ƙarfen ya riƙa murɗuwa, motar ta yi tauri a kwana, tana tsalle, giyar fowil ta ƙi fita. Ƙurusan farfela ne ke biyan bashin. Girgizarsu daban ce, domin farfela na juyawa kusan sau huɗu kan kowane juyin taya: ziza ce mai sauri da ake ji a tafin ƙafa, takan canza in an ɗaga ƙafa daga totur.

Ƙarar da ta fi cancantar tsoro ita ce wadda aka fi rainawa: "gwaf" in an faɗa rami ko an hau tudun rage gudu. Tana iya zama bushin ko shokzoba, waɗanda za su iya jira zuwa ranar kasuwa. Tana kuma iya zama bol-joyin na ƙasa, wanda ke riƙe ƙafa da jikin mota. Shi in ya tsinke, taya kwanciya take yi a ƙarƙashin mota tana cikin gudu. A ɗaga da jek, a tokare da abin da ba zai zame ba, a kama taya sama da ƙasa a girgiza: in akwai wasa, bol-joyin ne ko boris. A kama hagu da dama: wasa a nan na tairod ne. Yaron gareji ya taka birki a sake girgizawa. In wasan sama da ƙasa ya tafi, boris ne. In yana nan, bol-joyin ne, kuma wannan mota ba ta da dalilin ɗaukar lodi zuwa Augie ko Kangiwa kafin a gyara ta. Tsofaffin Hilux masu miƙaƙƙen aksul na gaba da sifirin na ganye, da Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, ba su da bol-joyin irin wannan. Nasu boris ne na kimfin, in ya saki sai gaba ɗaya ya kama kaɗawa bayan an daki rami, ba ya tsayawa sai an rage gudu sosai.

Alaimen shi ne na ƙarshe a jerin aiki, ko da yake shi masu mota ke fara nema. In aka saita taya a kan tairod mai wasa, saitin ba zai kai Kalgo daga Birnin Kebbi ba.