Haruffa Masu Lanƙwasa da Zaɓen Siffar Takarda a Kwamfuta

Tun cikin shekarun 1930, lokacin da aka tsayar da haruffan ɓ da ɗ da ƙ a rubutun boko, babbar matsalar Hausa wajen ɗab'i ita ce samun na'urar da ta san waɗannan haruffa. A zamanin tafireta akan buga b da d da k, sa'an nan a bi da alƙalami a lanƙwasa su. A yau matsalar takan taso ne idan takarda ta tashi daga wannan na'ura zuwa waccan.

Alal misali, a ɗauka malamin Hausa a Kanya Babba ya rubuta tambayoyin jarrabawa a wayarsa mai Android, ya kai shagon buga takardu a Babura, inda kwamfuta ke aiki da Windows. Da an buɗe takardar, ana iya ganin 'yan akwatuna a gurbin haruffan. Idan mai shago ya cike gurbin da baƙaƙe marasa lanƙwasa, sai baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa, ma'ana kuwa ta gurɓace a hannun ɗalibi.

Dalili shi ne, siffofin da ake rubutu da gyara a cikinsu, wato DOCX na Word da ODT na LibreOffice, galibi sunan zanen haruffa kawai suke ɗauka. Idan kwamfutar da ta karɓa ba ta da wannan zane, sai ta musanya shi da wani, layuka su goce. Ita kuwa PDF, wadda kamfanin Adobe ya fitar a 1993, takan ƙunshi zanen haruffan a cikinta, don haka shafi yakan fito iri ɗaya a Windows da macOS da Linux.

Daga wannan bayani ana iya tsayar da ƙa'idoji uku. Na farko, a yi rubutu da tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya kuma ba kowane harafi lambarsa, tare da zane irin su Charis SIL. Na biyu, a juya takarda zuwa PDF a kan na'urar da aka rubuta ta, a duba haruffan kafin a kai ɗab'i. Na uku, a adana asalin DOCX ko ODT domin gyara, saboda mayar da PDF baya yakan wargaza tsarin shafi, musamman idan hoton takarda ce aka ɗauka, inda na'ura kan karanta ƙ a matsayin k.