Hutun ma'aikatan jami'a da damanar Damargu

Daga Damagaram zuwa Tanut kilomita wajen 140 ne a kan hanyar Agadas. In damana ta kama, tashar motocin arewa takan cika da ƴan Damargu masu komawa gida: ɗalibai da akwatunansu, ƴan cin rani da suka makara, da kuma wasu da ba a cika lura da su ba, watau ma'aikatan jami'a. A cikinsu akwai mai gadi, da direba, da sakatare, da mai dafa wa ɗalibai abinci. Kowane yana da takardar kwanje a aljihu, hankalinsa kuwa yana kan gonar gero a Gangara, ko Olelewa, ko ƙasar Tarka.

Wannan takarda tana da tarihi. A Faransa an ba ma'aikata hutun mako 2 da albashi tun 1936, amma ma'aikacin ƙasashen da ta mallaka ya daɗe yana jiran doka guda da za ta tabbatar masa da nasa. Sai da sandikoki na Afirka ta yamma suka yi babban yajin aiki ran 3 ga Nuwamba 1952, kana aka zartar da dokar ƙwadago ta ran 15 ga Disamba na wannan shekara. Bayan mulkin kai Nijar ta tsara tata. Ta baya-bayan nan ita ce doka mai lamba 2012-45 ta ran 25 ga Satumba 2012.

Ga abin da ta tanada. Duk watan da mutum ya yi yana aiki, ya tara kwana 2 da rabi na hutu. Wata 12 ke nan ya ba da kwana 30, kuma ana biyan shi kuɗinsa yana hutawa. Wanda ya daɗe a wuri guda ana ƙara masa: kwana 2 bayan shekara 20, kwana 4 bayan shekara 25, kwana 6 bayan shekara 30. Mace mai ciki tana da mako 14, takwas daga ciki bayan haihuwa, kuma ba a korar ta a wannan lokaci. In ta koma bakin aiki, tana da awa guda kowace rana don ba jariri nono. Ranakun salla ƙarama da babba, da 1 ga Mayu, da 18 ga Disamba, su ma ranakun hutu ne. Ma'aikatan gwamnati na dindindin da malamai masu bincike suna da nasu dokoki dabam, shi ya sa ya kamata kowa ya duba takardar ɗaukarsa aiki, ya san inda ya faɗa.

Da can wannan magana ta mutanen Yamai ce kaɗai, domin jami'ar ƙasa guda ce, wadda aka kafa a 1971, aka raɗa mata sunan Abdu Mumuni a 1992. A 2010 aka buɗe jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram. Ta Damagaram ita ce ke ɗauke da sunan André Salifou, masanin tarihi ɗan garin. Tanut da Balbeji, wadda ta zama sashe mai zaman kansa a 2011, ba su da jami'a, amma ƴaƴansu na karatu a can, wasu kuma can suke cin abinci.

Ga malamin da ke koyarwa, babban hutu lokaci ne na bincike da rubutu, domin da rubuce-rubucensa ake auna shi in ya nemi ƙarin girma. Ga ƙaramin ma'aikaci ɗan Damargu kuwa, lissafin dabam ne. Albashinsa ba ya ɗaukar gida biyu, na birni da na ƙauye. Rumbun gero ne ke cike giɓin. Damanar arewa gajera ce, ruwanta ba shi da alkawari. In an yi shuka, haki ba ya jiran kowa: noman farko da maimai suna da kwanakinsu, wanda ya kuskure su sai ya ga gonarsa ta koma makiyaya. Saboda haka kwana 30 a cikin Agusta sun fi masa kwana 30 a cikin Maris nesa ba kusa ba. Sunan abin hutu, amma da hauya a hannu ake yin shi.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Doka ta ba ma'aikaci kwanakin, amma zaɓen lokacin yana bin bukatar aiki. Jami'a ba ta zama babu mai gadi, ko da ɗalibai sun watse, sai a bi da bi. Shekarun karatu kuma sun sha hawa kan juna. A 2019 sandikan malamai, SNECS, ya yi dogon yajin aiki kan yadda ake naɗa shugabannin jami'o'i. A 2020 annobar korona ta sa an rufe makarantu daga watan Maris har farkon Yuni. Duk sa'ad da aka yi haka, darasi da jarrabawa sukan tura cikin damana, kuma in ɗalibai na nan, mai tuƙa tuwo da direba na nan. Ƙanin da aka bari a ƙauye shi ke kiran gayya, ko kuma a aika da kuɗi a ɗauki ƴan barema, abin da ke cinye rabin ribar gonar.

Akwai kuma wanda ke cutar kansa da kansa. Wani yakan tafi da izinin baki, ba takarda, ranar da aka sami saɓani sai a rubuta masa fashin aiki. Wani yakan so a ba shi kuɗi a madadin hutu, alhali doka ba ta yarda da haka ba sai in aiki ya ƙare tsakaninsa da mai ɗaukarsa. Wanda ya yi yaƙi da jahilci yana da babban makami a nan, tun da yana iya rubuta ranar da ya kama aiki, ya ƙirga watanninsa, ya kai roƙonsa tun bazara kafin a tsara jerin masu tafiya, ya kuma ajiye kwafi mai hatimi. In magana ta ƙi ci, akwai wakilan ma'aikata, akwai kuma ofishin masu duba al'amuran ƙwadago a Damagaram, inda ake kai ƙara ba tare da biyan ko dala ba.