FASHIN BAƘI: Me ke kai dolfin cikin Kogin Thames, kuma me zuwansa ke nufi?

A farkon watan Agusta na 2024, mazauna yammacin Landan sun tsaya a bakin Kogin Thames suna ɗaukar hoton wani dolfin da ke iyo a tsakiyar birni, nesa ƙwarai da teku. Duk lokacin da aka ga irin wannan baƙo, akan ji masu cewa ga shaida kogin ya warke daga ƙazanta. Bayan 'yan kwanaki sai aka tsinci mushen dolfin a gaɓar kogin. Shin zuwansa albishir ne, ko alamar yana cikin wahala?

Yadda yake shigowa

Ko da yake akan kira shi kifi, dolfin dabba ce mai shaƙar iska, mai haihuwa tana shayar da 'ya'yanta. Gidansa teku ne, amma akwai kogunan da teku ke shiga cikinsu. Sau biyu a kowace rana ruwan teku kan ciko, ya tura ruwan gishiri cikin bakin kogi, sannan ya janye. A Thames, tasirin wannan cikowa yana kaiwa har madatsar Teddington, kimanin kilomita 150 daga teku, kuma a tsakiyar Landan ruwan kan tashi ya sauka da kusan mita 7.

Bakin kogi, inda ruwan daɗi ke gauraya da na gishiri, matattarar ƙananan kifaye ce. Idan ruwa ya ciko, kifi kan bi shi ciki, mai farautar kifi kuma ya biyo baya. Wani ƙaramin ɗan uwan dolfin mai guntun baki, wanda Turawa ke kira porpoise, ya saba da wannan zirga-zirga a bakin Thames. Irin dolfin da aka gani a 2024 kuwa ya fi sabawa da faɗin teku, inda yake yawo cikin garke. Ganinsa shi kaɗai a ƙuntataccen kogi yakan sa masana zargin ɓatan hanya ko rashin lafiya.

Abin da ke jiransa a ciki

Haɗari na farko shi ne ruwan kansa. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, jikin dolfin kuma da shi ya dace. Idan ya daɗe a ruwan daɗi, fatarsa takan yi gyambo, ƙwayoyin cuta su samu kafa, har ta kai ga mutuwa. Masana sun lura da wannan ciwo a jihar Louisiana ta Amurka bayan guguwar Katrina ta 2005, lokacin da wasu dolfin suka maƙale a Tafkin Pontchartrain.

Na biyu, da sauti dolfin ke gane hanya: yakan aika ƙara, ya saurari amsa-kuwwarta. Rugugin injinan jiragen ruwa da ginshiƙan gadoji kan rikita shi. Na uku, idan ruwa ya janye, yana iya barinsa kwance a kan laka.

Landan ta sha ganin haka. A Janairun 2006, wata babbar dabbar teku daga dangin wel ta shigo har kusa da ginin majalisar dokoki. Abincinta yana can a zurfin teku, kuma irin waɗannan dabbobi daga abinci suke samun ruwan da jikinsu ke buƙata. Ta mutu a kan jirgin da ake ƙoƙarin mayar da ita teku. A Mayun 2021 ma, wani ɗan wel ya kai har Teddington, likitocin dabbobi suka kashe shi don kada ya ci gaba da shan azaba.

To kogin ya warke ne?

Ya samu sauƙi sosai. A 1957 an ayyana wani sashe na Thames a matsayin matacce, saboda iskar da kifi ke shaƙa ta ƙare a cikinsa. Gyaran matatun ruwan ƙazanta da tsaurara dokoki suka farfaɗo da shi. Rahoton da Ƙungiyar Nazarin Dabbobi ta Landan ta fitar a 2021 ya ce akwai nau'in kifi fiye da 100 a cikinsa. Wannan ƙidaya ta shekara da shekaru ita ce shaidar farfaɗowa, ta fi hoton dolfin guda ɗaya nauyi.

Sai dai da sauran rina a kaba. Magudanan da injiniya Joseph Bazalgette ya gina bayan mummunan warin da ya addabi birnin a 1858 an tsara su ne yadda idan ruwan sama ya yi yawa, za su amayar da ƙazanta cikin kogi. Yau mazauna Landan sun kai kimanin miliyan 9. Don rage wannan ambaliya aka haƙa ramin Tideway mai tsawon kilomita 25, wanda aka kammala haɗa shi a 2025 kan kuɗi fiye da fam biliyan 4. Masu biyan kuɗin ruwa ne ke ɗaukar nauyinsa.

A Mayun 2025, hukumar Ofwat mai sa ido kan harkar ruwa ta ci tarar kamfanin Thames Water kusan fam miliyan 123, saboda karya ƙa'idojin kula da ruwan ƙazanta da na rabon riba ga masu hannun jari. Tun 1989 kamfanin yake hannun 'yan kasuwa.

Saboda haka, idan aka nuna maka hoton dolfin a kogi aka ce muhalli ya gyaru, tambayi wane iri ne, shi kaɗai ne ko cikin garke, yana farauta ko yana zagaye wuri guda. Sannan ka nemi alƙaluman gwajin ruwan, da sunan wanda doka ta ɗora wa alhakin tsaftace shi.