Gansakuka cikin pisin

A manyan otel na Yamai akwai wani babban kwami na siminti da ake cikawa da ruwa don iyo. Ana ce masa pisin. Ruwansa ba ya gudu kamar na kogi. In an yi sakaci lokacin zafi, cikin ƴan kwanaki sai ya zama kore shar kamar tabkin bayan gari. Gansakuka ke nan. Tana sa matakala santsi, tana kuma ɓoye ƙasan ruwa: in yaro ya nutse, ba mai ganinsa.

Mai kula da pisin yana goge bango da buroshi, ya zuba kulor, maganin nan na cikin ruwan jabel. Gansakuka ta mutu, amma tana nan cikin ruwa. Wa zai kwashe ta? Matata.

Matata babbar tukunya ce cike da rairai. Inji yana tura ruwa cikinta daga sama zuwa ƙasa. Dauɗa ta maƙale cikin rairai, ruwa ya wuce. Lokacin gansakuka, inji yana aiki dare da rana, rairai kuwa ba ya daɗewa yake toshewa. Allurar agogon da ke bisa matata sai ta hau.

To, wankin rairai ya zo. Mai kula ya kashe inji tukuna, ya juya hannun famfo, ya sake tada inji. Yanzu ruwa yana bi daga ƙasa zuwa sama, ya fitar da dauɗa waje. Minti 2 ko 3 sun isa. Ya kashe inji, ya maida hannu wurinsa. Gobe ma haka.

Ba a barin kowa ya shiga sai an ga ƙasan pisin sarai.